Zuwa Duwatsun Sanyi a Motar Haya: Yadda Mai Ƙaramin Ƙarfi Zai Shirya Tafiyar Buɗe Ido

[Kiɗan buɗe shiri]

Gaisuwa ta musamman ga mutanen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, manoma da 'yan kasuwa, direbobi da iyayenmu mata da ke jin mu daga cikin gida. Sannunku da aikin kaka. Allah Ya sa albarka a abin da aka samu.

Yau maganarmu a kan tafiya ce, irin tafiyar da mutum yake yi don ya huta, ya ga ƙasar Allah, ya dawo gida da sabon ƙarfi. Na san wani zai ce, "Malam, ana ta kai wa yake ta kaya? Wannan ai harkar masu kuɗi ce." To, ku ba ni aron kunnuwanku zuwa ƙarshen shirin, sannan ku yanke hukunci.

A ƙasashen Turai, idan sanyi ya kama daga Disamba zuwa Maris, dusar ƙanƙara takan lulluɓe manyan duwatsun da ake kira Alps, waɗanda suka ratsa Faransa da Suwizalan da Italiya da Ostiriya. Mutane sai su yi ta tururuwa can, su ɗaura wasu dogayen faifai a ƙafa, su riƙe sanduna biyu, su riƙa zamiya daga kan dutse zuwa gindinsa. Wasa ne mai cin kuɗi ƙwarai. Duk da haka za ka tarar da ɗalibi da ƙaramin ma'aikaci a wurin. Yaya suke yi? Tun watanni kafin lokaci suke fara tari. Sukan kauce wa makon Kirsimeti da sabuwar shekara, lokacin da komai ke tsada. Sukan haɗu su da yawa su kama masauki ɗaya, su dafa abincinsu da kansu, su yi hayar kayan wasan maimakon saye. Sannan sukan bar mota a gida su hau jirgin ƙasa da bas. Akwai ma wani gari a Suwizalan mai suna Zermatt da ba a barin motar fetur ta baƙo ta shiga, sai dai ka iso a jirgin ƙasa.

Mu ba mu da dusar ƙanƙara, amma muna da duwatsu, muna da sanyi, muna da motar haya. Dabarar nan tasu kuwa ba ta buƙatar biza. Tafiya mai araha a gida ake shirya ta, tun kafin a taka ƙafa a tasha.

Ina za mu? Ku dubi hanyar da ta ratsa ƙasarmu. Daga Kwanar Ɗangora, a ƙasar Kiru, titi ya rabu da hanyar Kano zuwa Zariya, ya nufi Tudun Wada, ya keta dajin Falgore, ya shiga ƙasar Doguwa, ya wuce Saminaka a Jihar Kaduna, ya bi ta Jengre, ya haura Jos. Mutanen Legas da Abuja sai sun yi doguwar tafiya kafin su ga abin da ke kan wannan titi, mu kuwa a ƙofar gidanmu yake. Zan kasa shi zango uku, kowa ya zaɓi daidai aljihunsa.

Zango na farko madatsar ruwa ta Tiga. Wannan tafiyar wuni ɗaya ce, a je da safe a dawo kafin magariba. An gina Tiga tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, a kan Kogin Kano, kuma tana iya riƙe ruwa kusan mita mai siffar sukari biliyan 2. Da ruwanta ake noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Tumatirin da ke cikin miyarka da shinkafar da ke cikin kwanonka, mai yiwuwa ruwan Tiga suka sha. Akwai yara da yawa a Bebeji da Kiru da suka karanta sunan Tiga a littafin makaranta amma ba su taɓa tsayawa a bakinta ba. Ka kai ɗanka ya ga ruwa iya ganinsa, ya ga masunta suna jan koma da sassafe, ka saya masa soyayyen kifi. Wannan ranar ba zai manta da ita ba.

Zango na biyu Riruwai, hedikwatar ƙaramar hukumar Doguwa. Nan ne duwatsun da suka fi ko'ina tsayi a Jihar Kano. Gari ne na kuza, an daɗe ana haƙar ma'adinai a cikinsa, har da rami mai zurfi a ƙarƙashin ƙasa da kamfani ya yi aiki a ciki kafin ya tsaya. Daga waɗannan tsaunuka na kudu ne ruwan Kogin Kano yake tattaruwa, ya ratsa Falgore, ya zuba a Tiga. Wanda ya ga Tiga sannan ya hau Riruwai, ya ga tulu ya kuma ga inda ake cika shi. A yankin Zainabi akwai ruwa mai zubowa daga kan dutse, sai dai a lura: mai son ganinsa da ƙarfinsa ya je ƙarshen damina, wajen Satumba zuwa Oktoba. Mai neman sanyi da sauƙin hawan dutse kuwa ya bari sai hunturu.

Zango na uku Jos. Birnin Kano bai kai mita 500 a saman teku ba, Jos kuwa ta haura mita 1,200, duwatsun Shere da ke gabashinta sun kai mita 1,800 da 'yan kai. Masana yanayi sun ce duk mita 1,000 da ka hau, zafi yakan ragu da kusan digiri 6. Shi ya sa a daren Disamba da Janairu, idan jaura ta haɗu da tudu, ruwan alwala a Jos sai ka ji kamar ana yanka maka yatsu. A can akwai gidan tarihi da aka buɗe a 1952, inda aka ajiye sassaƙen yumɓu na mutanen Nok. A kusa da shi akwai wurin da aka gina kwatankwacin ganuwar Kano da masallacin Zariya da fadar Katsina, da ƙasa, kamar yadda magabata suka yi. Akwai gidan namun daji, akwai dutsen Riyom da ruwan Assop a kan hanyar kudu.

Kuma mu sani, wannan hanya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kuza ta daɗe da haɗa Kano da Jos. Kakanninmu da yawa sun je can neman kuɗin haraji. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ma tilas aka riƙa kwasar mutane daga ƙasashen sarakunan Arewa ana kai su filin kuza, kuma sanyi da yunwa da cuta sun hallaka da yawa daga cikinsu, don an kai su ba tufafin kirki, ba makwanci mai ɗumi. Ina faɗin wannan ne don mu girmama sanyin dutse, mu kuma gode wa Allah da yau muke iya zuwa da son ranmu. A da akwai ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ta Rahama zuwa Jos, wanda ya isa can a 1914, aka rufe layin a 1957. Yau motar haya ce abin hawanmu, don haka sai mu san yadda za mu bi da ita.

[Kiɗa kaɗan]

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan yadda mai ƙaramin ƙarfi zai shirya tafiyar buɗe ido zuwa Tiga ko Riruwai ko Jos a motar haya. Yanzu sai shirin kansa.

Abu na farko lokaci. Bayan kaka ne manomi yake da sarari, kuma a lokacin ne ɗan abin hannu yake samuwa. Amma ka guji kwanakin Kirsimeti da sabuwar shekara, musamman a hanyar Jos, domin fasinja yakan yi yawa, kuɗin mota ya tashi, masauki ya yi wuya. Haka ma jajiberin Sallah. Farkon Disamba ko tsakiyar Janairu, a ranakun aiki, sun fi sauƙi ta kowace fuska.

Abu na biyu kuɗi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma. Saboda haka ba zan faɗa muku farashi a nan ba, don na yau ba lallai ya zama na gobe ba. Ka je tasha da kanka, ko ka kira direban garinku mai bin hanyar, ka tambayi kuɗin zuwa da na dawowa, ka rubuta. Sati ɗaya kafin tafiya ka sake tambaya.

Yaya za a tara? Ai mu ne masu adashe. A ce ku goma ne a majalisa ɗaya, ko a ƙungiyar manoma, ko malaman makaranta ɗaya. Kowa ya riƙa zuba naira 2,000 duk mako har mako 12. Kowa ya tara naira 24,000 ke nan, asusu kuma ya kai naira 240,000. Wannan misali ne kawai, ku daidaita shi da ƙarfinku da nisan inda za ku. Ku naɗa ma'aji mai amana, a rubuta kowane zubi a littafi, kowa ya gani. Da sannu-sannu kwana nesa, amma yakan zo.

Idan kuɗi ya taru, a kasa shi gida huɗu: na mota, na masauki, na abinci da shiga wurare, sai na ko-ta-kwana. Wannan na huɗun kada ya gaza kashi ɗaya cikin biyar na duka kuɗin. Kuma ga dokar da nake roƙon kowa ya riƙe: kuɗin motar dawowa a ware shi, a ƙulle shi daban, kada a taɓa shi ko me aka gani a kasuwa. Sannan kada ka dogara da tura kuɗi ta waya kaɗai. Akwai wurare a kan hanyar nan da sabis yake ɗaukewa, mai POS ma sai ya nemo. Ka riƙe tsabar kuɗi, har da canji, ka raba su aljihu biyu.

Tambaya ɗaya kafin ka tashi: ka bar abinci a gida? Ka biya kuɗin makarantar yara? Idan amsar a'a ce, tafiya ta jira. Ba a cin bashi don yawon buɗe ido, ba a kuma sayar da irin shuka.

Abu na uku tasha. Bari in ba ku abin da ya faru da ni, don wani ya tsira daga irinsa. Shekarun baya na tashi zuwa Jos a watan Disamba, na isa tasha bayan hantsi ya ɗaga. Na tarar da mota kamar ta kusa cika, ɗan kamasho yana ta kiran "saura mutum biyu, saura mutum biyu!" Na biya, na shiga, na zauna. Da aka jima sai na ga mutanen da na tarar a ciki suna sulalewa ɗaya bayan ɗaya. Ashe zaunar da su aka yi don a ja fasinja. Ba mu tashi ba sai bayan azahar. Hazo ya rufe hanya, taya ta yi faci, muka shiga Jos dare ya yi, ni kuwa daga ni sai kaftani mara nauyi. Mutumin da zan sauka wurinsa bai san da zuwana a ranar ba, wayata kuma ta mutu. A rumfar wani mai shayi na zauna, na rungume kofi da hannu biyu, haƙorana suna haɗuwa. Bawan Allah nan ya ciro bargon da yake shimfiɗa ya lulluɓa mini, ya ara mini wayarsa. Har yau ina yi masa addu'a. Da gari ya waye, da kuɗin komawa gida na sayi rigar sanyi. Duk wahalar nan rashin shiri ne ya jawo ta.

Saboda haka, ka yi asubanci. Motar farko ta fi saurin cika, direbanta bai gaji ba, kuma za ku keta daji da rana tsaka. Ka hau mota a cikin tasha, inda 'yan yuniyon suka san direba kuma ake rubuta sunan fasinja da lambar wani nasa. Motar bakin hanya takan fi araha da ɗan kaɗan, amma idan wani abu ya faru babu wanda za a tambaya. Kafin ka biya, ka tambaya: kai-tsaye take zuwa, ko za a sauke mu a Saminaka a sake mana wata? Ka daidaita kuɗin kaya tun a ƙasa. Ka zagaya ka dubi tayoyi. Idan ka ga an yi lodin buhuna har bayan mota ya durƙusa, ko ana son cusa mutum biyu a kujerar gaba, ka haƙura ka jira ta gaba.

Idan kun kai yawan cika Sharon ko bas, ku yi lissafin ɗaukar shata. Sau da yawa kuɗin yakan zo kusa da na kujera-kujera, ga shi ku ke da ikon cewa a tsaya a yi salla, a tsaya yara su huta. Ku yi magana a gaban shugabannin tasha, a fayyace wanda zai sayi mai da ranar dawowa, a ba da rabi, a cika sauran idan an dawo.

Kuma fasinja yana da baki. Idan direba yana gudun wuce sa'a cikin hazo, ko yana waya yana tuƙi, ku yi masa magana cikin mutunci, ku duka. Gara a makara da a rasa rai.

Abu na huɗu kayan sanyi. Ba sai ka sayi sabo ba. Gwanjo ya wadatar, a kasuwar garinku ko a kasuwar Katako idan ka isa Jos, amma dai ka tashi daga gida da wadda za ta kai ka. Sirrin shi ne sa tufafi hawa-hawa: singileti, riga mai dogon hannu, sannan rigar sanyi. Da rana in an ji ɗumi a cire ɗaya. Hular sanyi da safa da rufaffen takalmi mai kama ƙasa, don silifas ba ya hawan dutse. A riƙe man shafawa saboda kaushi da fashewar leɓe, da takunkumi ga mai asma. Yara da tsofaffi su ne sanyi ya fi yi wa illa, a fara shirya su.

Guzuri kuwa mu gwanaye ne: ƙuli-ƙuli, garin rogo, dabino, soyayyar gyaɗa, dambun nama, da ruwa a gora. Wannan kaɗai zai rage muku kuɗi mai yawa. In kun isa Jos ku shiga kasuwar Farin Gada, dankalin Turawa da kabeji da karas suna nan a wadace, ku dafa da kanku idan masauki ya ba da dama.

Abu na biyar masauki. Da wuya a sami gari a kudancin Kano da ba shi da ɗa ko jika a Jos ko Bukuru ko Saminaka. Zumunci a ƙafa yake. Amma ka sanar tun da wuri, ka faɗi yawanku da kwanakin da za ku yi, kuma kada ka je hannu rabbana. Kwanon shinkafar Tudun Wada ko masarar Doguwa tsaraba ce mai daraja. Idan masaukin kuɗi ne, a ga ɗaki kafin a biya, a tambayi ruwan zafi da bargo.

A nan ina da gargaɗi mai nauyi. Don Allah, kada a kunna gawayi a kasko a rufe ƙofa da taga a kwanta. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba, ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take ɗauke shi. Haka hayaƙin janareta. A ji ɗumi a waje, a kashe wuta, a shiga bargo.

[Kiɗa kaɗan]

Sai maganar tsaro, wadda ba za mu ɓoye ba. Dajin Falgore babba ne, ya kusa murabba'in kilomita 1,000, kuma ya sha fama da 'yan fashi da ɓarayin shanu, abin da ya sa aka girke jami'an tsaro a cikinsa. Kada a keta shi da dare, kada a tsaya a tsakiyarsa haka kawai, kada kuma a kutsa ciki kallon namun daji ba tare da izini da rakiyar ma'aikatan gandun daji ba. Kwana ɗaya kafin tafiya a tambayi direbobi halin da hanya take ciki, su ne suka fi kowa sani. In an ce a dakata, a dakata.

A Riruwai ku fara gaida mai gari ko mai unguwa, ku nemi ɗan gari ya yi muku jagora, ku sallame shi da abin kirki. Akwai tsofaffin ramukan kuza da ciyawa ta rufe, wasu cike da ruwa, baƙo ba zai gane su ba. A Tiga kada yara su shiga wanka, saboda zurfi da kuma cutar tsargiya. In za a hau kwalekwale, a nemi rigar kariya, a ƙi hawa idan an cika shi fiye da kima. Ba mu manta da abin da ya faru a Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021 ba, inda jirgin ruwa ya kife da mutane, akasarinsu yara 'yan Islamiyya. Allah Ya jiƙansu.

Jos kuwa gari ne na ƙabilu da addinai daban-daban, kuma ya ga rikici a baya. Ka bi shawarar mai masaukinka a kan inda za ka da lokacin da za ka dawo. Ka gaida kowa, ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton mutum, ka bar gardamar siyasa da ta addini. Ka riƙe katin shaidarka, ka rubuta lambobin waya biyu a takarda ka sa a aljihu.

Wanda kuma Allah Ya hore masa, yake son ya taɓa dusar ƙanƙara da hannunsa, ba sai ya je Turai ba. A Maroko akwai Oukaimeden, kan duwatsun Atlas, mita 2,600 a saman teku, kimanin kilomita 75 daga Marrakesh, kuma motocin haya suna zuwa. Zai buƙaci fasfo da biza da inshorar lafiya, ya kuma bincika ko dusar ta sauka a shekarar, don wani lokaci takan yi ƙaranci. Amma ƙa'idar ba ta canza ba: tari tun da wuri, tafiya cikin ayari, ware kuɗin dawowa.

Iyayena maza, kada a mai da wannan abin na maza kaɗai. Uwargida da ta yi shekara tana hidimar gida da ta gona, ita ma tana da haƙƙin ta ga Tiga. Malaman makaranta, ku nemi yardar iyaye da ta hukuma ku kai ɗalibai, ko da wuni ɗaya ne. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, kuma gani ya kori ji.

Aikin da zan bar muku a wannan mako ƙarami ne. Ku zauna da abokan majalisa ko iyalinku, ku zaɓi zango ɗaya cikin ukun nan, ku sa rana, ku aiki mutum ɗaya tasha ya tambayo kuɗin mota, ku fara zubi ranar Juma'a mai zuwa.

A nan za mu dasa aya. Allah Ya kai matafiya lafiya, Ya dawo da su lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

[Kiɗan rufe shiri]